Tarihin gandun dajin Kamuku da Kuyambana

Gandun namun daji na Kamuku yana yankin Birnin Gwari ne, a yammacin jihar Kaduna, kuma ya yi iyaka da dajin Kuyambana da ke ƙaramar hukumar Maru a jihar Zamfara.

Duk da cewa hukumomi daban daban ne ke kula da su, a wajen namun daji dazuzzukan biyu wuri guda ne, domin kuwa sukan ƙetara daga wannan zuwa wancan wajen neman ruwa da abinci.

Asalinsa

A shekarar 1936 ne, zamanin mulkin Turawa, aka keɓe Kamuku a ƙarƙashin hukumar En'e ta Birnin Gwari, da nufin taƙaita sare itatuwa da share gonaki.

A watan Mayun 1999, gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ta ɗaga matsayinsa zuwa gandun daji na ƙasa, wanda gwamnatin tarayya ke kula da shi. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120.

Shi kuwa Kuyambana, yana hannun gwamnatin jiha ne. Zamfara ta gaje shi daga jihar Sakkwato lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1996.

A da, an san yankin da giwaye, da gwanki, da kanki, da mugun dawa, da birai, da kuma tsuntsaye iri iri.

Ƙalubale

Tun da farko, masu gadin dajin sun yi ta fama da mafarauta, da masu saran katako, da kuma makiyaya masu neman wurin kiwo.

Sai dai lamarin ya ƙara muni bayan shekarar 2010, lokacin da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka kafa sansanoni a dazuzzukan, kamar yadda suka yi a dajin Sububu da ke arewacin Zamfara, wajajen Maradun da Shinkafi.

A watan Yulin 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya je Ɗansadau, kusa da Kuyambana, inda ya ƙaddamar da farmakin soja da aka yi wa laƙabi da Harbin Kunama.

Rashin tsaron ya sa sintiri da ƙidayar namun daji sun yi wuya, masu yawon buɗe ido kuma suka ƙaurace wa yankin. Mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin, waɗanda suka dogara da shi wajen kiwo da itacen girki da zuma, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

A 2020, gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Abin da ya faru a Kamuku ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa ta kare daji ba, matuƙar babu tsaro da haɗin kan al'ummar da ke zaune kusa da shi.