Daga ramin ɗango zuwa buhu mai riɓi uku

Wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan la'asar da famfon feshi a bayansa. Ya sayo shi kasuwar Maraɗi, yana son ya shiga sana'ar kashe ƙwari, yau gonar wake, gobe ɗakin da kuɗin cizo ya addaba. Na tambaye shi wa ya koya masa awon magani. Ya ce mai shagon. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kakanninmu ba su da famfo. In ɗango ya taso, wato ƴaƴan fara da ba su yi fiffike ba, gari duka ke fita a haƙa dogon rami, a kora su ciki, a rufe da ƙasa. Jan baki kuwa aikin yara ne, da majajjawa da ihu. Farar da aka kama da asuba a soye ta, a ci. Sai dai dabarar tana da iyaka. Fara ta cinye amfanin gona a 1930, yunwar 1931 ta biyo baya, ta fi tsanani a ƙasar Zabarmawa, Nasara kuma bai daina karɓar haraji ba.

Bayan ƴancin kai aikin ya koma hannun hukuma. A 1965 aka kafa OCLALAV, mazauninta Dakar, domin yaƙar fara da tsuntsaye a ƙasashen yankinmu. Ma'aikatanta na bin Ayar da Tamesna, inda farar hamada ke hayayyafa bayan ruwa, su fesa diyaldirin a kan ciyawa. Maganin na daɗewa bai mutu ba. Abin da ya sa aka so shi ke nan, shi ne kuma ya sa aka hana shi. Da fara ta dawo tsakanin 1986 da 1989, ta tarar da ƙungiyar ta yi rauni, ƙasashe ba su biyan kuɗinsu.

A ganina mafi amfanin abin da ya fito daga shekarun nan shi ne manoman da ma'aikatan gidan gona suka riƙa horarwa ƙauye-ƙauye, birgadiye. Ana nuna musu yadda ake juya wa iska baya, da rufe hanci da hannu, da rashin feshi in rana ta take. Masu ilimi mai zurfi kuma suna da AGRHYMET a Yamai, wadda aka buɗe a 1974. Farar 2004 da yunwar 2005 suka tilasta a kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, CNLA.

Abin da ɗalibina bai sani ba, sana'ar na barin guba sannu a hankali. Masu bincike na INRAN a nan Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro da ake saki cikin gonaki ya kashe murzunar da ke cin zangarniyar hatsi. Buhun PICS mai riɓi uku yana shaƙe ƙwaron wake ba tare da ƙwayar magani ko ɗaya ba.

Na karɓi kwalbar da ya sayo, babu takarda a jikinta. Na ce ya aje ta nesa da rumbu, ranar Litinin mu je ofishin gidan gona a nuna ta.