Waƙar Shata da waƙar daka: duk gargajiya ce?

Yau tambayar gajeriya ce amma tana da ƙashi: idan muka ce "waƙar gargajiya", me muke nufi?

Tambayi matashi ya kawo misali, nan take zai ce Mamman Shata, ko Ɗankwairo, ko Barmani Choge. To, waƙar da mata ke yi a bakin turmi fa? Da ta gaɗa a dandali, da ta renon jariri? Su ma gargajiya muke ce musu. Kenan kalma ɗaya muka ɗora wa kaya biyu. Na farko an san mai shi, sana'arsa ce, da ita yake ci. Na biyu kuwa babu wanda zai ce ga wanda ya ƙirƙira.

Ba mu kaɗai muka yi wannan gardama ba. A 1947 aka kafa wata ƙungiyar masana kiɗa ta duniya a Landan, da kalmar "folk" a cikin sunanta, wato kiɗan jama'ar gari. A taronta na 1954 a Sao Paulo ta ƙasar Brazil, ta ba da ma'ana: waƙa ce da ake gada baki da baki, kowane zamani ya sassaƙa ta, jama'a su zaɓi sigar da za ta rayu. Ko da mutum ɗaya ya fara ta, sai jama'a sun karɓe ta sun sauya ta sannan ta shiga wannan aji. Amma da aka fito da ma'anar daga Turai sai ta kasa ɗaukar kaya. Ina za a sa makaɗan sarakuna na Afirka da Asiya, waɗanda suka gaji sana'ar kuma aka san su da suna? A 1981 ƙungiyar ta cire kalmar daga sunanta, ta sa wadda ke nufin "gargajiya".

Mu dawo gida. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun fi amfani da "waƙar baka", sannan a karkasa makaɗa bisa wanda suke yi wa: na fada, na sana'a, na maza, na jama'a. Narambaɗa da Ɗankwairo, masu kotso, na fada ne. Ɗan Anace ya shahara da 'yan dambe. Shata na jama'a ne, ga shi kuma kalangun da ya yi suna da shi asalinsa kiɗan mahauta ne. Ka ga kayan kiɗan gado ne, amma waƙoƙin nasa ne, shi ya tsara su, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ma'aunin Sao Paulo za a auna, Bakandamiyarsa ba za ta shiga ba, domin faifai da kaset sun riƙe ta yadda ya rera.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai suna linzami ne kawai? Ga inda gizo ke saƙar. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma muryoyinsu na cikin wayar kowa. Waƙar da ba ta da mai ita kuwa, aikin da ya haife ta shi ke riƙe da ita. Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta yi shiru. Dandali ya ragu, gaɗa ta bi shi. A gari irin Wudil mai kogi da masunta, ga kasuwar shanu duk Juma'a, kowace sana'a tana da kirarinta da take. Idan gidan rediyo ya sa Shata muka ce an raya gargajiya, rabin kayan kawai muka ɗauka, kuma rabin da ba ya cikin haɗari.

Saboda haka mu riƙa bambancewa: akwai waƙar makaɗa, akwai waƙar jama'a. Duka gargajiya ne, amma ɗaya ce ke neman agaji yau. Mai kaka a gida, ya roƙe ta waƙar daka guda ɗaya, ya naɗa a waya da izininta, ya rubuta garin da ta koya.

Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa.