Tal National

Tal National ƙungiyar makaɗan zamani ce daga Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a shekarar 2000. Makaɗin jita ne, alƙali ne a kotu, kuma tsohon ɗan ƙwallon ƙafa.

Salon kiɗa

Ƙungiyar tana haɗa jitar lantarki da gangunan bature, irin na kiɗan rock, da kalangu. Kiɗanta yana da sauri, kuma ana jin tasirin highlife da soukous a cikinsa. Mambobinta sun fito daga ƙabilu daban-daban na ƙasar, shi ya sa suke waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da yaren Buzaye. Saboda yawansu, sukan rabu gida biyu su yi wasa a wurare biyu a dare ɗaya.

Kundaye

Kamfanin FatCat Records na Ingila ya fitar da kundayensu uku: Kaani (2013), Zoy Zoy (2015) da Tantabara (2018). Kaani ne ya buɗe musu ƙofar zagayen wasanni a Amurka.