Wayar Hannu da Rayuwar Jama'a a Garu da Kewayenta

Garu gari ne a kusurwar arewa maso gabashin Ghana, kusa da Bawku, ba nisa da iyakar Togo. A 2004 aka kafa gundumar Garu-Tempane, a 2018 kuma aka raba ta biyu, Garu ta tsaya da kanta. Kusasawa da Bimoba da Busanga da Mosawa da Mamprusawa duk suna zaune a wannan yanki, kuma da Hausa muke haɗuwa a kasuwa da zango da masallaci. A nan za mu duba yadda wayar hannu ta sauya mana ciniki da nishaɗi da karatu, da kuma yadda labari ke yawo a tsakaninmu.

Kafin zuwan waya

A da, fatake ne ke ɗauko labari. Ayarin da ke zuwa Salaga sayen goro daga Kano da Katsina yakan zo da wasiƙu da littattafai, kuma tafiyar takan ɗauki watanni. Alhaji Umaru, malamin nan ɗan Kano da ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892, ya rasu a Kete Krachi a 1934, da alƙalami da tawada ya rubuta tarihin zamaninsa cikin Larabci da ajami. Daga baya rediyo ta zo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kuma iyayenmu sun saba zama kewaye da akwati ɗaya bayan sallar magariba. Sai kaset ɗin wa'azi, sai faifan finafinan Kano. Yanzu duk waɗannan sun taru a cikin abin da ke aljihun riga.

Kuɗi da zumunci

Kamfanin MTN ya fara MoMo a Ghana a 2009, kuma daga 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin kamfanonin waya daban-daban. Matashin da ke aiki a Kumasi ko Accra yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin magani, su iso kafin ya ajiye wayar. Mai albasa ko mai awaki yana jin farashin kudu kafin ya loda mota. Gudummawar suna da biki da jana'iza ma ta koma waya. Harajin da aka ɗora wa tura kuɗi a Mayun 2022 ya taɓa mu sosai, har aka soke shi a Afrilun 2025.

Nishaɗi

Tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta shigo da shirin Daɗin Kowa gidajenmu, kuma ana kallon Labarina da Izzar So ta YouTube ranar da ake kallonsu a Kano. Mawaƙan Dagbani na Tamale, irin su Fancy Gadam da Maccasio, suna da masu sauraro a Yendi da Salaga. Bikin Damba da na Samanpiid na Kusasawa yanzu ɗan gari da ke Jamus yana ganinsu kai-tsaye. Amma hira ta dandali da tatsuniyar dare sun ja baya, cacar ƙwallo kuma ta shigo waya, inda yaro zai salwantar da kuɗin makaranta babu wanda ya gani.

Karatu da wa'azi

Tafsirin Ramadan daga Kano da Bauchi da Kumasi yana iso mu ta Facebook da WhatsApp. Saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba. Sanarwar ganin wata daga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, tana isa ƙauye cikin mintoci. Mun gane yawan dogaronmu da intanet ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, sadarwa ta yi rauni kwanaki a Ghana da maƙwabtanta. Illar da ke nan ita ce guntun bidiyo da ake yankowa daga dogon karatu, a raba shi da abin da ya gabace shi, a haɗa almajirai faɗa.

Labari a lokacin rikici

Nan ne abin ya fi nauyi. A Maris 2002, da aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta kuma sa ido kan abin da 'yan jarida ke bugawa game da Dagbon. A lokacin kafofin kaɗan ne. Da rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021, kowa yana da tasharsa a hannu. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa ta rufe gidajen rediyo huɗu a Bawku saboda kalaman tunzura jama'a, amma ba mai iya rufe dubban zaurukan WhatsApp. Tsohon hoto ko muryar da ba a san mai ita ba suna iya hana mutanen Garu zuwa kasuwa, ko su jefa matafiyi cikin haɗari a hanyar Bolgatanga.

Doka da amana

Dokar Ghana ta haramta yaɗa labarin ƙarya da ke firgita jama'a, kuma dokar tsaron intanet ta 2020 ta kafa hukumar da ake kai wa ƙarar zamba ta lamba 292. Addininmu ya riga ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koyar. Saboda haka, kafin mu tura saƙo, mu tambayi kanmu wa ya faɗa, yaushe, kuma wa zai cutu idan ƙarya ne. Kada mu ba kowa lambar sirrin MoMo, ko da ya ce daga kamfani yake. Mu kuma san abin da yaranmu ke kallo. Allah Ya ba Bawku da Garu da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya, amin.