Abu Ishaƙ Assahili: Sha'irin Garnaɗa da Ya Yi wa Mansa Musa Gini

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ƴan uwa masu karatu, da ku ɗalibanmu na islamiyya, da yawa cikinku sun taɓa jin ana cewa wai wani Balarabe ne daga Andalus ya gina babban masallacin Tambutu, wanda ake kira Jingarai Ber, kuma wai shi ya koya wa mutanen ƙasashenmu ginin ƙasa. Maganar ta shiga littattafan makaranta, har ta zama kamar ba a ja da ita. To mutumin nan gaskiya ne ya rayu, ya zauna a ƙasar Mali, ya yi gini, ya haifu, ya rasu a Tambutu. Sai dai abin da malaman zamaninsa suka rubuta a kansa ya sha bamban da abin da ake yaɗawa. Bari mu bi labarinsa da na gidansu, mu ga abin da yake nasa da abin da yake haƙƙin wasu.

Gidan da ya fito

Sunansa Abu Ishaƙ Ibrahim ɗan Muhammadu Assahili, ana yi masa laƙabi da Aɗɗuwaijin, wato ƴar ƙaramar tukunya. An haife shi a Garnaɗa wajen shekarar 1290 miladiyya, a lokacin da ita kaɗai ce daular Musulmi da ta rage a Andalus. Mahaifinsa shi ne amintaccen masu sayar da turare na birnin, kamar mu ce sarkin ƴan turare. Bayan kasuwanci kuma malamin fiƙihu ne, ya yi fice a ilimin rabon gado. Kun ga ke nan gida ne da aka haɗa sana'a da karatu, ba a ɗauki ɗaya abin kunya ga ɗaya ba.

Ibrahim ya tashi da kyan rubutun hannu da kaifin harshe. Aikin da ya fara shi ne rubuta takardun shari'a, na ciniki da aure da shaida. Amma abin da ya ɗaga sunansa shi ne waƙa. Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa, ya sa tarihinsa cikin littafinsa Al'ihaɗa, a jerin fitattun mutanen birnin. Daga baya ya bar gida ya nufi gabas, ya shiga Masar da Sham da Iraƙi da Yaman, har Allah Ya kai shi Makka.

Haɗuwarsa da Mansa Musa

A shekara ta 724 bayan hijira, daidai da 1324, Sarkin Mali Mansa Musa ya yi hajjinsa da duniya ba ta manta ba saboda yawan zinariyar da ya rabar a hanya. A wannan hajjin ya haɗu da Assahili, ya ji daɗin zama da shi, ya tafi da shi Mali. Ibnu Khaldun ya kawo labari daga bakin wani da ya yi tafiyar tare da su, cewa shi da Assahili ne ake gabatarwa cikin ayarin sarki a kan wazirai da manyan fada, kuma duk zangon da aka sauka sai an aiko musu da abinci da kayan zaƙi.

Da aka isa gida, sarki ya so a yi masa zauren fada mai ƙarfi wanda aka shafe da farar ƙasa, irin da ba a saba gani ba a birninsa. Assahili ya ɗauki aikin. Ya yi gini mai kusurwa huɗu da ƙubba a kansa, ya shafe shi, ya ƙawata shi da zane masu launi, don hannunsa ya iya. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ba shi miskali 12,000 na garin zinariya, ban da kyaututtukan da yake samu a kai a kai. In aka ƙiyasta miskali a kan giram huɗu da kwata, wannan ya haura kilo 50. Ibnu Baɗuɗa ma ya ce akwai ranar da sarkin ya ba shi miskali 4,000 a yini guda.

A lura fa: wannan zauren shi ne ginin da malaman ƙarninsa suka tabbatar masa. A babban birnin Mali yake, kuma fada ce, ba masallaci ba.

Baƙon da ya rasu a gidansa

Assahili ya zauna a Tambutu, ya zama mai masaukin manyan baƙi. Akwai wani attajiri na Iskandariyya, Sirajuddin Ibnul Kuwaik, wanda ya ranta wa Mansa Musa da fadawansa kuɗi a Masar lokacin da guzurinsu ya ƙare. Da biya ya yi jinkiri, sai ya taso da kansa tare da ɗansa, ya ƙetare Sahara don ya karɓi haƙƙinsa. Ya sauka gidan Assahili, aka kawo abinci aka ci, a daren nan kuwa ajali ya same shi.

Kun san halin mutane. Nan da nan gari ya ɗauka wai guba aka ba shi don bashin ya bi ruwa. Wanda ya kashe wannan magana shi ne ɗan mamacin da kansa. Ya ce ai kwano ɗaya suka ci da mahaifinsa, da akwai guba da shi ma ya tafi, kwanansa ne kawai ya ƙare. Ya wuce Mali, aka biya shi kuɗinsa, ya koma Masar. Dubi wannan yaro, yana cikin zafin rashin uba a baƙuwar ƙasa, amma bai yarda a ɗora wa mai masaukinsu abin da bai yi ba. Mu da muke tura magana a waya kafin mu tantance ta, sai mu yi wa kanmu hisabi.

Kewar gida da zuriyarsa

Assahili ya taɓa komawa arewa a zamanin Sarkin Maroko Abul Hasan na Banu Marin, ya kai masa kyauta, ya yi masa waƙar yabo. Ya matso kusa da ƙasarsu, ƙetare ruwa kaɗai ya rage, ya rubuta wa mutanen Garnaɗa wasiƙa mai cike da bege, amma ƙaddara ta juyo da shi kudu. A Tambutu ya rasu a shekara ta 747 bayan hijira, wato 1346. Bayan shekara bakwai Ibnu Baɗuɗa ya shiga garin ya ga kabarinsa, ya kuma ga na baƙonsa Sirajuddin. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ya bar ƴaƴa da matan ƙasar suka haifa masa. Ibnu Khaldun ya ce sarakunan Mali sun ci gaba da girmama su bayan mahaifinsu, kuma a zamaninsa suna zaune a Walata, wadda yau take cikin Muritaniya. Jikokin mai turaren Garnaɗa ke nan sun zama ƴan ƙasa a bakin Sahara. Haka Musulunci yake gauraya jini, baƙon jiya shi ne kakan ɗan gari na yau.

To wa ya gina masallacin?

Abdurrahman Assa'adi, mai Tarikhus Sudan, ɗan Tambutu ne, kuma ya ce Mansa Musa ne ya sa aka gina babban masallacin bayan dawowarsa daga hajji, bai ambaci Assahili a matsayin magininsa ba. Ya kuma faɗa cewa Alƙali Al'aƙib ɗan Mahmudu ya rushe ginin ya sake shi ya faɗaɗa shi wajen 1570. Wanda ya fara kawo zancen maginin Andalus shi ne Hasan Alwazzan, da Turawa ke kira Leo Africanus, kusan shekara 200 bayan hajjin, shi ma bai kama suna ba. Marubutan Turai na baya ne suka haɗa wannan da wancan, suka ƙara da cewa shi ya kawo salon ginin gaba ɗaya. Wani masanin tarihi, John Hunwick, ya bi tsofaffin littattafan Larabci ya nuna cewa an zuzuta abin.

Hujjar kuwa a fili take. Tun a 1068, sama da shekara 200 kafin a haifi Assahili, Albakari ya rubuta cewa garin Musulmi na daular Gana ta dā yana da masallatai 12, kuma mutanen wurin suna gini da dutse da itacen ƙaya. Masu tonon ƙasa sun gano ganuwar tubali a tsohon garin Jenne da ta girmi zamanin Mansa Musa da ƙarnuka. Ashe ƙasar tana da maginanta. Ko zauren da Assahili ya tsara, su ne suka kwaɓa ƙasa, suka ɗebo dutse, suka jera azara, suka hau suka yi yaɓe.

Har yau a Tambutu akwai gidajen magina da suka gāji kula da masallatan garin kaka da kakanni. Suna aiki da laka da wani farin dutse mai laushi da suke kira alhor, wanda ake sassaƙawa a jera. Itatuwan nan da kuke gani sun fito daga jikin hasumiya, su ne matakalarsu ranar gyara, ranar da gari ke fitowa, yara na ɗaukar laka, dattawan magina na sama suna nuna inda za a shafa. Da an bar wannan aiki na ƴan shekaru, da damina ta cinye masallacin tun tuni.

Abin da ya shafe mu

Faɗin wannan bai rage wa Assahili komai ba. Malami ne, sha'iri ne, kuma bai ji girman kai ya kama aikin gini ba, ko da yake yana cin abinci da sarki. Amma adalci shi ne a ba kowa nasa. Mu ma muna da irinsu. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye saboda maginan garin ba su sake ta ba. A Yaama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962, jama'ar gari na kawo tubali da ruwa da itace, har ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Zariya kuma ana tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Kada mu manta, ɗakin Ka'aba ma uba da ɗa ne suka ɗaga harsashinsa, Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare su, suna aiki suna roƙon Allah Ya karɓa. Don haka ɗalibin da mahaifinsa magini ne kada ya sunkuyar da kai cikin aji. Kwamitocin masallatanmu kuma, in an kammala gini ana karanta sunayen masu ba da siminti da kwano, a tuna da wanda ya wuni a rana yana jera bulo. A biya shi ladarsa a kan lokaci, a sa shi cikin addu'a. Ku ɗalibai, ku je ku tambayi dattawan unguwa sunan wanda ya gina masallacin da kuke salla a ciki, ku rubuta ku ajiye tun masu sani suna da rai.

Allah Ya saka wa duk wanda ya ɗora tubali a ɗakinSa da gida a Aljanna, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.