Daga Kududdufi Zuwa Ajiwa: Inda Bakatsine Ya Koyi Iyo

Kwanan baya wata mai karanta littattafaina ta aiko mini da ƙorafi, wai na sa jarumin labarina ya tsamo yaro daga ruwa, alhali Bakatsine ne. Ta ce, "Malam, ina Bakatsine ya ga ruwan da zai koyi iyo?" Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

Gaskiyarta ta wani ɓangaren. Birnin Dikko ba shi da babban kogi, sai 'yan ƙoramu irin su Ginzo da ke gudu da damina su ƙafe da rani. Amma muna da kududdufai, kuma su ma suna da tarihinsu. Ba haka kawai suka samu ba, hannu ne ya haƙa su. Ganuwar da ta zagaye birni, wadda ake dangantawa da Sarki Ali Murabus, da Hasumiyar Gobarau, da soraye da katangun unguwanni, duk da ƙasa aka gina su. Inda aka ɗebi ƙasar nan ya zama rami, ruwan sama ya cika shi. Wato kowane tsohon gida a cikin birni yana da ramin da ya haife shi.

A irinsu muka koyi iyo. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: kududdufi ba ya cika sai watan Agusta, lokacin da gari ya yi sanyi. Da bazara, a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke hana barci a ɗaki, ba abin da ya rage sai taɓo da kore shar ɗin ruwa a mafi zurfinsu. Haka muke faɗawa. Mu dawo ido jajur, ƙafa fari fat, Inna ta karce mana fata da farce, in ta ga farin layi sai dorina. Da yawanmu mun yi fitsarin jini, muna ɗauka alamar girma ce, ashe tsargiya ce da ake ɗauka daga dodon-koɗin cikin ruwan. Akwai kuma abokinmu da ya nutse, har yau ba na son bin ta wajen. 'Yan mata kuwa ko kusa ba a barin su.

Dam ne ya canza lissafin. An gina na Ajiwa a ƙasar Batagarawa cikin shekarun 1970 don bai wa birni ruwan famfo, tun Katsina ba ta zama jiha ba, sai a 1987. Na Zobe kusa da Dutsin-ma an kammala shi a 1983, zamanin Shagari, daga baya na Jibiya ya biyo. Babu wanda aka gina don shaƙatawa, mu ne muka mayar da su haka. Ranar da na fara ganin Ajiwa, a bayan a-kori-kura muka je, na tsaya baki buɗe: ruwa cikin tsakiyar bazara, ga masunta da kwalekwale, ga soyayyen kifi, ga lambunan tumatir a gefe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka yi asarar duka biyun. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yanka filaye, shi ya sa ruwan da ya saba kwanciya a cikinsu yake shiga ɗakunan mutane. Zobe kuwa ya shekara kusan arba'in kafin a ƙaddamar da aikin ruwan shansa a 2021. Sannan matsalar 'yan bindiga ta sa iyaye da yawa suka daina barin yara su nufi Jibiya ko Dutsin-ma yawon buɗe ido.

Babban ɗana shekararsa 14, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Jarumin nan da Hajiya ta yi ƙorafi a kansa tsarana ne, kuma a kududdufin bayan gidanmu ya koyi iyo. Yanzu shaguna ne a wurin.