CUNKOSON APAPA: Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Layin Tireloli

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba.

Yau Legas za mu je, tashar jiragen ruwa ta Apapa. Na san wani zai ce, to mu da muke Kano ko Gusau ko Maraɗi, ina ruwanmu da gosulon Legas? Ɗan'uwa, atamfar da ke Kantin Kwari, da kayan gyaran mota, da magani, da injin niƙa, galibinsu ta bakin ruwan Legas suke shigowa. Riɗin Dawanau da zoɓo da cittar Kachia kuma ta nan suke fita. Duk kwanan da kwantena ta ƙara a tasha, akwai wanda zai biya, kuma a ƙarshe ni da kai ne muke biya a wurin mai shago. Sannan da yawa daga cikin direbobi da yaran motar da suke kwana a kan gadojin Ijora 'yan'uwanmu ne daga nan Arewa.

Abin da aka saba ji shi ne direbobin manyan motoci ba su da tsari, su suka toshe hanya. Ni dai da na bi tarihin abin, sai na ga direba shi ne na ƙarshe a jerin masu laifi. Bari mu bi shi daki-daki.

Turawan mulkin mallaka ba don motoci suka gina Apapa ba. Sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Badun a 1901. Wani layin kuma ya taso daga Baro a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911, aka haɗe su biyun a Minna. A 1921 aka fara gina wuraren tsayawar manyan jiragen ruwa guda huɗu a Apapa, kuma layin dogo har cikin tashar yake shiga. Wato tsarin shi ne: gyaɗa da auduga da fatu su hau jirgin ƙasa a Kano ko Zariya, su sauka a gefen jirgin ruwa. Kayan Turai kuma su biyo taragon su dawo Arewa. Titunan unguwar Apapa na zirga-zirgar gari ne kawai, ba a yi su don ɗaukar kayan ƙasa guda ba.

Ko a wancan lokacin ma an sha fama. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita, wadda muke gani a hotuna, eh shaidar arzikin noma ce. Amma kuma wani ɓangare na dalilin taruwarta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe gyaɗar da sauri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba, sai a tara buhuna a lulluɓe da tamfol ana jira. Kun ga ke nan cunkoson farko ma a Kano ya bayyana, ba a Legas ba. Bambancin kawai shi ne a da buhuna ne suke jira, yanzu kuwa mutane ne da motocinsu.

An kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, NPA, da dokar 1954, ta fara aiki a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai abin ya fara ja baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe tashar Fatakwal na wani lokaci, kaya suka koma Legas. Da aka gama yaƙi, kayan sake gina ƙasa suka yi ta kwararowa, har sai da gwamnati ta tura soja, Benjamin Adekunle, ya je ya rage cunkoson tashar.

Sai kuma babban abin kunya na siminti. Kuɗin fetur ya shigo bayan tashin farashin 1973, gwamnatin Janar Gowon ta shiga gine-gine. A tsakanin 1974 da 1975 hukumomin gwamnati suka ba da odar siminti kimanin tan miliyan 20, miliyan 16 a ciki na Ma'aikatar Tsaro ne kaɗai. Alhali tashar Legas abin da za ta iya saukewa na siminti a shekara bai wuce kimanin tan miliyan 1 ba. Ku yi lissafin da kanku. A 1975 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku suna jiran layi, wasu watanni suka yi. Kowane jirgi kuma ana biyan sa kuɗin jinkiri, dubban daloli a kowace rana. Wasu 'yan damfara a ƙasashen waje suka gano cewa jiran ya fi dakon riba, suka riƙa turo tsofaffin jirage su zo su tsaya kawai. Simintin wani jirgin ma danshi ya daskarar da shi tun kafin a sauke. Abinci da magani suka maƙale a bayan siminti. Da Janar Murtala ya karɓi mulki a Yulin 1975 ya dakatar da odar, ya kafa kwamitin bincike, rigimar biyan kuɗin kuma ta kai har kotunan Ingila da Amurka.

Me aka koya? An gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, kamfanin Julius Berger ya yi aikin, aka buɗe ta a 1977. An yi babban titin Apapa zuwa Oshodi. Amma ku lura da wannan: Tin Can maƙwabciyar Apapa ce, kuma ba a kai mata layin dogo ba. Wato an ƙara wa unguwa ɗaya tasha ta biyu, aka ce duk kayanta a mota za su fita. A nan ne ƙasar ta juya wa jirgin ƙasa baya ta rungumi tirela. Tarago talatin da kan jirgi ɗaya zai ja, yanzu sai an nemo mota talatin da direba talatin, kowacce da wurin tsayawarta.

Abu na gaba shi ne mai. Muna da matatun gwamnati a Fatakwal da Warri da Kaduna, ta Warri 1978, ta Kaduna 1980, da bututun da aka shimfiɗa don kai mai defo-defo a faɗin ƙasa. Matatu suka durƙushe, ɓarayi suka yi ta fasa bututu, ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai ta koma sayo tataccen mai daga waje. A ina ake sauke shi? Galibi a Legas. Aka yi ta ba da lasisin gina rumbunan ajiyar mai masu zaman kansu a Apapa da kewayenta, gomomi. Sai ya zama tankar da za ta kai fetur Maiduguri ko Sakkwato dole ta yi tafiyar kilomita dubu ko fiye ta zo ta shiga titi ɗaya da mai ɗaukar kwantena. Wanda ya sa hannu a lasisin nan bai tambayi inda tankokin za su tsaya ba.

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanoni masu zaman kansu hayar sassan tashoshin. Kamfanin APM Terminals ya karɓi sashen kwantena na Apapa. Gaskiya aikin sauke kaya daga jirgi ya ƙara sauri, satar kaya a cikin tasha ta ragu. Amma filayen da motoci ke fakewa a ciki sun shiga hannun 'yan haya, kowa ya katange nasa, aka turo motoci waje ba tare da an tanadar musu wani wurin ba. Cikin gida ya gyaru, aka zubo sharar a ƙofar gida.

Ga kuma wata matsalar da ba kowa ya san ta ba: kwantenar da babu komai a cikinta. Muna shigo da kaya a kwantena fiye da yadda muke fitarwa, saboda haka akwatuna da yawa wayam suke komawa. Ɗan kasuwa yana ajiye kuɗin jingina a wurin kamfanin jirgi kafin ya fita da kwantena, in ya makara wajen dawo da ita a yanke masa. Kamfanonin jiragen kuma ya kamata su tanadi filin karɓar akwatunansu a wajen tasha, amma an daɗe ana kukan ba su tanadi isasshe ba. To sai mota ta ɗauko akwatin wofi ta shiga layi sati guda, sati biyu. Motar ta zama sito mai taya, titin gwamnati ya zama filin ajiya kyauta. Kuma duk motar da ke tsaye da akwatin wofi, mota ce da ba ta samu damar ɗauko kaya ba, shi ya sa kuɗin dako ke hawa.

A ciki kuma, shekaru da dama na'urorin duba kaya sun lalace, jami'an kwastam sai sun buɗe kwantena sun duba da hannu, ga wasu hukumomin kowa na son ya gani. A waje tituna suka farfashe, ramin da zai kayar da tirela. In layi ya yi tsawo kuma, matsayi a layin ya zama haja. Shingaye suka yawaita, masu kaki da 'yan daba kowa na karɓa, mai biya ya wuce, marar biya ya kwana. Ita kanta NPA ta sha fitowa tana kuka da wannan karɓe-karɓen. Wannan ne ya sa nake cewa cunkoson ya daɗe ne saboda akwai waɗanda yake ciyarwa.

Abin ya kai maƙura tsakanin 2017 da 2020. Layin motoci ya taso daga Apapa ya hau gadoji har ya kai wajejen Surulere. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙaro kayan da da ta Kwatano za su bi. A ƙarshen 2020 jaridar Financial Times ta ruwaito cewa fitar da kwantena daga tasha zuwa cikin Legas, tafiyar kilomita 20, ya haura dala 4,000, kusan daidai da kuɗin kawo ta daga Chana. Ku tuna da direban da ke cikin wannan layin: ba banɗaki, ba wurin wanka, ba ya iya barin mota don kada a sace batir ko a tsallake shi. Ku tuna da mai fitar da riɗi ko citta, wanda kayansa ke gumi a cikin ƙarfe har ingancinsu ya faɗi, mai saye a waje ya rage farashi ko ya fasa. Asarar nan tana gangarowa har kan manomin da ke Jigawa. 'Yan kasuwar Nijar kuwa, duk da Maraɗi ba ta da nisa da Katsina da Kano, sun fi bi ta Kwatano da Lome.

An yi yunƙuri, ba za a ce ba a yi ba. Dangote da Flour Mills da NPA sun haɗa kuɗi sun sake gina titin Wharf da kankare daga 2017. A 2019 fadar shugaban ƙasa ta ba da wa'adin kwashe motoci, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Osinbajo. A Fabrairun 2021, lokacin Hadiza Bala Usman tana shugabar NPA, aka fito da Eto, manhajar da mota za ta jira a gareji sai an kira ta. Ta rage layi sosai, duk da direbobi na kukan ana cuwa-cuwar tikitin. A Yunin 2021 aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Badun mai reshe zuwa Apapa. A Janairun 2023 aka buɗe tashar Lekki mai zurfin mita 16.5. Amma ita ma Lekki an buɗe ta ba layin dogo, ga matatar Dangote a gefenta. Kuskuren 1977 ke nan ake maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai ranar muke neman wuƙa.

Mu dawo gida. Tun 2006 aka amince da tashoshin tsandauri a wurare shida, ciki har da Kano da Funtuwa da Jos da Maiduguri. An buɗe ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufar ita ce kwantena ta taho kai tsaye, kwastam su duba ta a nan, ɗan kasuwa ya karɓi kayansa a gida. Amma tashar tsandauri da jirgin ƙasa take rayuwa. Sabon layi ya tsaya a Badun, wani ya tashi daga Abuja zuwa Kaduna, tsakaninsu babu. Tsohon layin Turawa kuma ya tsufa. Tashar Baro da aka yi bikin buɗewa a 2019 har yau ba ta zama hanyar kaya ba.

Don haka matasa, ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa tambaya, musamman yanzu da kowane ɗan takara zai zo da alƙawari. Kada mu tsaya a kan an buɗe, an yanke ƙyalle. Mu tambayi ɗan majalisarmu: jirgi nawa ya kawo kwantena Dala a watan jiya? Nawa aka ware wa layin Badun zuwa Abuja a kasafin bana, nawa aka saki? Ina aka kwana a aikin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021? Me ya hana a yashe hanyoyin ruwan Warri da Kalaba don a rage wa Legas nauyi? Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau suna da murya, ƙungiyoyin direbobi ma haka, amma kowa shi kaɗai yake kukansa. In suka haɗa baki a kan buƙata ɗaya, jirgin kaya mai jadawali daga Apapa zuwa Kano, da wuya a yi biris da su.

Idan kai direba ne ko yaron mota da ya taɓa kwana a layin Apapa, ko ɗan kasuwa da kayansa suka taɓa maƙalewa, ka rubuta mana a ƙasa kwana nawa ka yi da abin da ka kashe. Za mu tattara mu karanta a shiri na gaba, ba tare da ambaton suna ba. Ku tura wa wasu su ma su karanta.

Allah Ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, Ya ba mu shugabanni masu hangen gobe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.